Tambayi Kawu Mai Taya: In Ɗora Rim 20 Ko In Haƙura da 18?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa, ya iyali ya kasuwa? Kwanakin baya na sayi Mustang GT ƙirar 2019 a hannun wani. Tana nan kan rim ɗinta na kamfani, inci 18, taya 235/50. Abokaina da muke haɗuwa a Kornish, titin bakin tekun Jidda, daren Juma'a duk sun ɗora 20, sun sa ni gaba wai motata ta yi kama da ta limamin unguwa. Na je sana'iyya, unguwar makanikai da masu kayan mota, mai shago ya rantse min 20 ta fi kama kwana nesa ba kusa ba. Aiki nake a Jidda, gida kuma Makka, duk ƙarshen mako ina kan hanya, in zafi ya matsa mukan hau Ɗa'if ta Hada. Kuma ni nake kai Umma asibiti, tana fama da ciwon baya. Ina son mota ta yi kyau, ina son ta kama hanya, amma ba na son ta riƙa jijjiga mu. Me ka gani?
Ɗanka, daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ya raba ka da sharrin ƙarfe. Umma kuma Allah ya ba ta lafiya, ko da yake tsakanina da kai, mai ciwon baya da Mustang, sunkuyawar da za ta yi kafin ta zauna ma wani aikin ne. Ranar asibiti ka nemi aron Camry a gida.

Bar 20. In har kuɗin na cin ka a aljihu, tsaya a 19. In kuma kama hanyar kake nema da gaske, bar 18 ɗinka ka zuba kuɗin a roba mai kyau. Ɗauko biro in nuna maka dalili, don duk rigimar tana cikin lambobin da ke jikin tayarka.

235 faɗin taya ne a milimita. 50 kuwa kashi ne: tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda take taka kwalta, kashi 50 cikin 100 ne na faɗin. Rabin 235, wato wajen milimita 117. Wannan robar da iskar cikinta su ne tsakaninka da titi. Ford da kansu sun sayar da wannan mota da rim 19 mai taya 255/40, da kuma 20 mai taya 265/35. Kashi 40 na 255 milimita 102 ne. Kashi 35 na 265 bai cika 93 ba. To haɗa rim da gefe biyu, na sama da na ƙasa: ƙafar 18 tsayinta duka milimita 692, ta 19 wajen 687, ta 20 wajen 694. Ka ga ƙafar ba ta ƙara girma ba. Kuma dole ta tsaya a nan, in ba haka ba maleji ya riƙa yi maka ƙarya, ABS da na'urar hana santsi su ruɗe, taya ta fara gogar madigadi in ka ɗau mutane a baya. Don haka duk abin da ƙarfe ya ci, daga rabon roba aka yanko masa. Daga 18 zuwa 20 ka sallama kusan milimita 25, inci guda ke nan, sama da kashi ɗaya cikin biyar na gefen da kake da shi.

Mutane sun ɗauka shoka da sifirin ne kaɗai ke ba mota laushi. Su nasu manyan abubuwa ne, tudun rage gudu, lotsawar titi, gangare da hawa. Ƙananan duka masu kaifi kuwa, mahaɗar gada, murfin magudana da ya ɗago, wurin da aka yanka kwalta aka binne bututu aka yi faci, waɗannan sun fi shoka sauri, kafin ta motsa sun wuce. Gefen taya ke shanye su. In ka rage shi ba ɓacewa suke ba, hawa suke ta ƙarfe su shigo sitiyari da kujera. Kuma jijjiga ba ita ce babbar asarar ba. In ka faɗa rami mai baki, tayar tana matsewa tsakanin bakin ramin da bakin rim. Mai dogon gefe ta lotsa ta dawo. Mai gajeren gefe ta ƙure, zaren cikinta ya tsinke, bayan kwana biyu ka ga kumburi a gefe, wani lokaci rim ɗin ma ya lanƙwashe ta ciki inda ido ba ya kaiwa, sai dai ka ji sitiyari na rawa in ka wuce 100. Tayar da ta kumbura ba ta da magani, ba a mata faci, jefarwa ake. Kai da ke Jidda ka san abin da ruwa ke wa titi. Bayan ruwan 24 ga Nuwamba 2022, duk mai sana'armu a garin nan ya san waɗanne motoci ne suka cika ƙofar shagonsa, kuma ba masu taya mai kauri ba ne. Rami ƙarƙashin ruwa ba ya sallama.

Amma kada in zalunci mai shagon nan, akwai gaskiya a maganarsa, rabi ce dai. Gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai, don haka kana taɓa sitiyari hancin mota ya amsa. Wannan yana da daɗi, ba na musu. Sai dai saurin amsawa daban, riƙe ƙasa daban. Abin da ke hana mota zamewa a tsakiyar kwana shi ne irin robar, faɗinta, iskar da ke ciki, da alaimen. Duba yadda cinikin ke tafiya: yaro ya zo da tsohuwar taya 235 da rana ta busar, a cire a sa masa sabuwa fil 265 mai laushin roba a kan rim 20, ya fita ya ji mota ta manne da titi, ya dawo yana yabon rim. Roba ce ta yi aiki, ƙarfe ya karɓi godiya. Kuma in kwanar ba sumul take ba, abin yakan juye. Taya mai tauri takan yi ɗan tsalle a kan kowane faci, a wannan ƙiftawar da ta rabu da ƙasa babu abin da take riƙewa, faɗinta ko 300 ne.

Sai nauyi, wanda babu mai shagon da zai tayar maka da zancensa. Rim da taya da birki suna ƙasa da sifirin ne, ba a kansa suke zaune ba. Duk lokacin da titi ya cilla su sama, shoka ce za ta kama su ta mayar ƙasa, kuma iya nauyinsu iya wahalarta. Gwada gudu da silifa, sannan ka gwada da takalmin sojoji, ƙafar ɗaya ce amma ɗagawar ba ɗaya ba. Ga shi kuma nauyin babban rim yana can nesa da tsakiya, inji sai ya ƙara ƙarfi kafin ya juya shi, birki sai ya ƙara kafin ya tsayar. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta taɓa gwada wannan a 2010: Golf guda, aka riƙa canza mata ƙafa daga 15 har 19. Da ta kai 19 tashinta ya ragu, shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, kuma a gwajin riƙe kwana 18 ce ta ɗan fi 19. Mota ƙarama ce, ba irin taka ba, amma dokar nauyi ba ta san Golf ko Mustang ba.

In abokanka suka dame ka, tuna musu abin da ya faru a kan Kornish ɗin da kuke tsayawa. Tseren Formula 1 na farko a Jidda an yi shi ne ranar 5 ga Disamba 2021, kuma motocin nan da suka fi kowace mota kama kwana a duniya rim inci 13 suka sa, da taya mai gefe kamar me. Da suka dawo a Maris 2022 dokarsu ta canza, sun koma 18. Zagaye mafi sauri a gwajin neman gurbi na 2021 Lewis Hamilton ne ya yi shi, minti 1 da daƙiƙa 27.5. Na 2022 Sergio Perez ne, minti 1 da daƙiƙa 28.2. Ba zan ce rim ne kaɗai ya ci wannan ba, don gaba ɗaya motar aka sauya a shekarar, ta kuma ƙara nauyi. Amma dai ka ga an ƙara inci 5 ba wanda ya tashi sama. Kuma ko su a 18 suka tsaya.

To me ya sa manyan motocin gudu ke zuwa da babban rim? Ado yana ciki, kasuwa na son sa. Amma dalilin injiniya shi ne birki. Irin motarka mai Performance Pack, wato ƙarin kayan gudu na kamfani, faifan birkinta na gaba milimita 380 ne, da muƙamuƙin Brembo mai fistin 6, shi ya sa take zuwa da 19, don rim ɗin 18 na kamfani ba ya rufa a kansa. Wanda ya ɗora 20 a kan ƙaramin birki kuwa, sai ka leƙa ta tsakanin ƙarafan ka ga faifai can a tsakiya da fili kewaye da shi. Ni abin ba ya min kyau, amma ido kowa da nasa.

Hanyar Hada da ka ambata, ni ma ina son ta. Amma a gudun da doka ta yarda, ga kyamarorin Sahir masu kama masu wuce gudu, ga hazo da kan sauko, ga birai da mutane ke tsayawa kallo a gefen titi, ba za ka taɓa kai tayar 18 mai kyau ƙarshen ƙarfinta ba. In ka kai, matsalarka ta wuce ta rim. Abin da za ka ji kowane mako shi ne hanyar Makka da lungunan unguwa da tudun da ke gaban kowace makaranta, kuma a nan 18 ta fi duka.

In duk da haka ranka ya tsaya kan canji, ga yadda zan yi da motar tawa ce. Rim 19, taya 255/40 duka huɗu girma ɗaya, don ka iya musanya na gaba da na baya su ci tare. Masu sa 255 gaba 275 baya ba su da wannan damar, na baya su ƙare su kaɗai. Ka ce a ɗora maka rim ɗin a sikeli a gabanka, sabon da tsohon. In sabon ya fi nauyi sosai, kyan ɗan maciji ne, ka bar musu. Rim iri-iri ne: na zubi, wanda ake narka alminiyo a zuba a mazubi, shi ya fi araha ya fi nauyi, na ƙira, wanda ake matse dunƙulen ƙarfe da injin, ya fi ƙarfi da rashin nauyi amma kuɗinsa sai an zauna, akwai na tsakiya wanda ake zubawa sannan a murza cikinsa da zafi, shi nake ba yawancin mutane shawara. Abin da nake tsoro shi ne na kwaikwayo marar suna mai tambarin babban kamfani a liƙe. Na kirki in ya sha duka lanƙwasa yake, wannan tsagewa yake.

Ramukan notinka 5 ne a kan da'irar milimita 114.3, ramin tsakiya 70.5. In ramin tsakiyar sabon rim ya fi faɗi, a sa zoben da ke cike gurbin, in ba haka ba za ka yi ta biyan kuɗin balansin rawar ba ta tafi ba. Duba lambar ET da ke bayan rim, ita ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, kada ta yi nisa da ta kamfani. In aka ce maka bai zauna ba amma za a sa sifesa, wato faifan da ake sawa a bayan rim don ya turo shi waje, ka ce a kawo wanda ya zauna. A mayar da na'urorin auna iska daga tsohon. Noti kuma a ɗaure da sifana mai awo, wannan motar Nm 204 take so, ba bindigar iska da yaron shago zai danna har sai ya gaji ba. Rim ɗinka na asali kada ka bar wa mai shago a kan ɗan rangwame, ka kai gida ka ajiye. Ranar da za ka sayar da motar za ka ga yadda mai saye ke tambayarsu.

Limamin unguwa kuwa, ka gaishe min da abokanka, ka ce musu na ce ba zagi ba ne.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ina da Toyota GR86 mai rim 18, taya 215/40. Ina jin daɗinta ƙwarai, amma hanyar da nake bi zuwa aiki a Riyad kullum ana haƙa ana binnewa, kafin in isa ofis kaina ya yi nauyi. Yayana ya ce rage rim ƙasƙantar da mota ne, zan ɓata ta. Zan iya komawa 17?
'Yarka, daga Riyad

AMSA: Barka kadai 'yata. Za ki iya, kuma ba ɓata mota ba ne. Toyota da kansu suna fitar da wannan motar da rim 17, taya 215/45. Gefenki zai tashi daga milimita 86 zuwa kusan 97, tsayin ƙafar duka ya sauko daga 629 zuwa 625, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, maleji ba zai ma lura ba. Milimita 11 a takarda kamar ba komai, amma a kan gefen da dama 86 ne, za ki ji shi tun a mahaɗar gada ta farko.

Kafin ki kashe ko riyal ɗaya, buɗe ƙofar direba ki karanta takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin, ki sayi ɗan ma'aunin iska naki, ki auna da safe kafin ki tayar da mota. Sau da yawa motar da aka kawo min da kukan tauri iska ce aka cika mata fiye da ƙima, don wasu masu banshar, wato masu facin taya, lamba ɗaya suka sani, ita suke bai wa kowace mota. In iskar daidai take kuma har yanzu tana dukanki, to sai rim.

Inda yayanki ke da ɗan gaskiya shi ne nan: ta 18 tana zuwa da tayar Michelin Pilot Sport 4, ta 17 kuwa da Primacy HP, wadda ba ta kai ta riƙo ba. Da gangan aka yi, tun 86 ta farko a 2012 masu ƙera ta sun zaɓi robar da ba ta manne sosai don direba ya ji motar na wasa a hannunsa ba sai ya yi mugun gudu ba. Wanda ya tuƙa biyun sai ya ce 18 ta fi, alhali robar ce ta bambanta. Ke ki sayi 17, ki sa mata taya ajin wadda kike da ita yanzu, ki samu laushin ba ki rasa riƙon ba. Ramukan notinki 5 ne a kan 100, ba 114.3 na wasu Toyota ba, kada a ba ki rim ɗin Camry a ce zai shiga. In kuma taki mai birkin Brembo ce, a ɗora ɗaya a gaba a juya shi da hannu a ga bai taɓa ba, sannan ki biya.

TAMBAYA: Malam, yarona ya ɗora wa motarsa irin tayar nan siririya, mai gajeren gefe. Ni na saba tun da, in bazara ta shigo nakan rage iska don kada zafi ya fasa taya, na ce shi ma ya rage, zai ma fi jin laushi. Ya ce ba haka ba ne. Yana yawan bin hanyar Madina zuwa Makka. Raba mana gardama.
Wani uba, daga Madina

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a yi haƙuri, wannan karon yaro ne da gaskiya. Ba yawan iska ke fasa taya a zafi ba, ƙarancinta ne. Tayar da iska ta yi wa kaɗan, gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasar ita ke haifar da zafi daga ciki, har roba ta saki zaren ƙarfen da ke riƙe da ita. Ƙara da kwaltar Yuli, ƙara da cewa tun 2018 an yarda ƙananan motoci su yi kilomita 140 a awa a hanyar Hijira, wato ta Madina zuwa Makka, ga tafiyar sama da kilomita 400. Ɓawon tayoyin da ake gani zube a gefen hanyar nan, mafi yawansu haka suka mutu.

A siririyar taya abin ya fi haɗari ta fuska biyu. Iskar cikinta dama ba ta da yawa, kuma ba ta nuna wa ido. Mai kauri in ta rage za a ga ta yi tumbi a ƙasa, wannan kuwa tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu tana tsaye ƙyam. Laushin da zai samu in ya rage, da rim zai biya shi a rami na farko.

Ya sa abin da takardar jikin ƙofa ta ce, ya auna taya na sanyi. In ya tsaya shan mai a hanya ya ga awo ya hau da psi 4 ko 5 a ma'aunin iska, daidai ne, masu ƙera ta sun san da haka, kada ya sauke. Kowane digiri 5 ko 6 na zafi yana ƙara wajen psi 1, shi ya sa awon rana tsaka ba abin dogaro ba ne. In an ce masa sai naitirojin, ba laifi in kyauta ne, amma iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce.

Tunda kun riga kun tsuguna gaban tayar, ku duba abu uku a jikinta. Inda aka rubuta ajin jure zafi, A ake so a ƙasar nan, B a lallaɓa, C a bar ta a shago. Harafin da ke bayan lambar nauyi shi ne iyakar gudunta: H kilomita 210, V 240, W 270, Y 300, kada ya sauka ƙasa da wanda motar ta zo da shi ko da ba ya kai wannan gudun, don tayar babban harafi ta fi jure zafi. Sai lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2324 na nufin mako na 23 a 2024. A ranarmu ta nan, tayar da ta haura shekara 5 ni ba na hawa hanyar Hijira da ita ko da zanenta bai ci ba. Kuma Alhaji, a duba ta motar gida ma, tunda an ce an saba ragewa.